Tikitin araha zuwa Istanbul: garin ya biya ni, dawowar ce ta ci mini tuwo a ƙwarya

Sati uku ke nan da dawowarmu daga Istanbul ni da Yayata, kuma sai yanzu zuciyata ta lafa har na iya zama in rubuta wannan. Tun da muka sa hotuna ake ta kirana ana tambayar ta hannun wa muka yanki tikiti, wai an ji mun samu mai sauƙi. To ga amsar a wuri ɗaya, kowa ya karanta ya yi wa kansa hisabi.

Wani ejan ne a nan Kano ya yankar mana, ƙawar Yaya ce ta haɗa mu da shi. Kowa ya san yadda kuɗin jirgi ya koma tun da Naira ta zube a 2023, ba sai na tsaya lissafi ba. Ya ce akwai na kai tsaye, akwai kuma wanda za a yada zango a hanya zuwa da dawowa, kuma rarar da ke tsakaninsu za ta biya mana masauki na kwana shida har da canji. Tambaya ɗaya na yi masa, kuma sau biyu na maimaita ta. Na ce, "Malam, kaya fa? Akwati bibbiyu za mu dawo da su." Ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, kayanku suna ciki." A kan wannan maganar na tura kuɗi.

Zuwa ba ni da ƙorafi mai yawa. Daga Abuja muka tashi, muka yi zaman awa tara a filin jirgin da aka yada zango, a kan kujerun ƙarfe, sanyin na'ura na ratsa ƙashi. Na san da wannan tun farko, don haka ban riƙe kowa a zuciya ba. Muka sauka a sabon filin jirgin Istanbul, wanda aka buɗe a 2018, girmansa kaɗai ya isa ya gajiyar da mutum kafin ya kai wurin ɗaukar kaya. Agogonsu ya riga namu da awa biyu.

Masaukinmu a Laleli yake, ɗan ƙaramin ɗaki mai tsabta, karin kumallo kullum burodi da zaitun da cuku da tumatir. Rana ta uku Yaya ta fito da garin kununta da yajinta. Unguwar ta yi mini, don kasuwar tufafi ce ta sari, ko'ina ka juya sai ka ga 'yan Afirka da ɗaurin kaya, kuma jirgin ƙasan kan titi yana wucewa ta bakin layinmu, shi ke kai mutum Sultanahmet da Eminönü. Kowacce ta sayi katin da suke kira Istanbulkart, da shi ake shiga jirgin ƙasa da bas da jirgin ruwa. Ba mu hau tasi ko sau ɗaya ba a cikin gari.

Idan aka ce in zaɓi wuri ɗaya da ya biya mini kuɗina, Eyüp zan ce. Nan ne kabarin Sayyidina Abu Ayyubal Ansari yake, sahabin da raƙumar Manzon Allah (SAW) ta durƙusa a ƙofar gidansa ranar shiga Madina, ya sauki Annabi a gidansa har aka gina masallaci. Ya fito yaƙi yana dattijo a zamanin Mu'awiya, ajali ya riske shi a bakin ganuwar wannan birni. Tun muna Islamiyya muke jin labarin, ban taɓa kawo wa raina zan tsaya a gaban makwancinsa ba. Yaya ta yi sallama, muryarta ta sarƙe, ta kasa ƙarasawa. A farfajiyar masallacin wata tsohuwa Baturkiya ta zo da kwalin alewa tana rabawa, ta kama hannun Yaya ta danƙa mata guda biyu, tana shafa mata baya tana magana da yarensu. Ba mu ji ko kalma ɗaya ba sai "Amin". Ga yara maza an yi musu ado da fararen kaya da alkyabba da sanda kamar 'ya'yan sarki, ashe al'adarsu ce su kawo yaro ziyara lokacin kaciya. Mun zauna a gindin wata tsohuwar bishiya har aka kira la'asar, babu wadda ta ce wa 'yar'uwarta mu tashi.

Aya Sofiya ma mun yi azahar a ciki. An gama gininsa a shekara ta 537 a matsayin coci, ya zama masallaci bayan Sarki Muhammadul Fatih ya ci garin a 1453, aka mayar da shi gidan tarihi, sannan a 2020 aka dawo da sallah. Da niyyar sallah muka shiga, ba mu biya ko sisi ba. In ka ɗaga kai za ka ga manyan faifai da sunan Allah da na Annabi da na halifofi huɗu da Hasan da Husaini. Sai jirgin ruwan Eminönü zuwa Üsküdar, ɗan lokaci kaɗan ka bar Turai ka shiga Asiya, da shayi a ɗan kofin gilas da burodin nan mai riɗi da suke kira simit. Tsaraba kuwa ba a babbar kasuwa mai rufi muka yi ba, a gangaren Mahmutpaşa da ke bayanta muka yi, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba: mayafai, abayoyi, dardumar sallah, takalman yara, alewar lokum kwali takwas.

Daren ƙarshe muna ɗaure kaya na ce wa Yaya wallahi ejan nan ya kyauta mana, zan tura masa mutane. Har na rubuta masa saƙon godiya.

Jirginmu na dawowa ƙarfe tara da wani abu na dare ne. Tun uku da rabi muka bar masauki muka hau bas ɗin filin jirgi, don kada mu makara. Muka isa, aka haska kayanmu a bakin ƙofa, muka tsaya gaban allon da ke nuna tashin jirage. Na bi layi-layi ban ga namu ba. Na sake bi. Na ce wa Yaya wataƙila lokaci ne bai yi ba, muka zauna muka ɓata kusan minti arba'in. Da hankalina ya ƙi kwanciya na je wurin masu ba da bayani na miƙa wa wata matashiya takardar. Ta duba, ta dube ni, ta ɗauki biro ta zagaye wasu haruffa uku: SAW. Ta ce alamar filin jirgi ce: nan IST ne, namu jirgin daga SAW zai tashi, wato Sabiha Gökçen, ɗaya filin jirgin da ke ɓangaren Asiya. Ashe garin filin jirgi biyu gare shi, kuma tsakaninsu tafiya ce kamar daga Kaduna zuwa Zariya, ga cunkoson yamma.

Gwiwoyina suka yi sanyi. Na dawo wurin Yaya na ce, "Yaya, tashi, ba nan ba ne." Ba ta tambaye ni komai ba, fuskata kawai ta gani ta miƙe. Akwati huɗu, jakar hannu biyu, mace mai shekara hamsin da ciwon gwiwa, haka muka ruga wurin tasi. Direban ya ga takardar ya dubi agogo ya girgiza kai, ya ce zai bi ta gadar arewa, wadda ake biyan kuɗin wucewa, kuma a kanmu kuɗin yake. Na ce ya bi ko ta ina ne. Idona a kan mitar motar tana hawa, Yaya a gefe tana jan Hasbunallahu wa ni'imal wakil ba tsayawa. Na kira ejan sau bakwai bai ɗauka ba. Muna kan gadar saƙonsa ya shigo: "Ai yana rubuce a tikitin, Hajiya." E, yana rubuce, ban musa ba. Haruffa uku ne ƙanana a shafi na biyu. Amma mutumin da sana'arsa ke nan, wanda ya san mata biyu ne da ba su taɓa taka ƙasar ba, me zai rage shi da ya ce ku lura, inda kuka sauka ba nan za ku tashi ba? Da ya faɗa, daga Laleli akwai jirgin Marmaray da ke bi ta ƙarƙashin teku, a sauya zuwa jirgin ƙasan da ke kaiwa har cikin Sabiha Gökçen, da ragowar kuɗin katinmu za mu je.

Mun isa saura minti ashirin a rufe kantar awon kaya. Na ɗauka an gama. Na ɗora akwati na farko a sikeli, ma'aikaciyar ta duba kwamfuta ta ce tikitinmu na wannan zangon ba shi da kayan awo, jakar hannu kaɗai. Sai a nan na gane zangon farko na dawowa wani kamfani ne daban, irin waɗanda kujera kawai suke sayar maka, komai kuma da kuɗinsa. Na nuna mata tikitin zuwa mai akwati bibbiyu, ta ce wannan na wancan kamfanin ne. Ta rubuta kuɗin akwati huɗu a 'yar takarda ta turo mini. Ta ƙara da cewa da ta intanet muka biya tun jiya, da bai kai haka ba. Wa ya gaya mana?

Katin bankina ya ƙi aiki. Dalolin da suka rage mana tasi ya cinye rabi. Suka auna jakunkunan hannun ma, ta Yaya ta haura da kilo uku. Haka muka ja kaya gefe muka buɗe su a ƙasa, a gaban jama'a, muna neman mayar da akwati huɗu su zama uku. Yaya ta sa abaya biyu a kan wadda ke jikinta, ta yafa mayafi uku, gumi na zuba. Na cire kwalayen takalman yara na zubar, na cusa takalman a lungu-lungu. Lokum kwali biyar na miƙa wa wata mai shara da ke tsaye tana kallonmu da tausayi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ganin Yayata, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyarmu, durƙushe a kan tayil tana danna akwati da gwiwarta mai ciwo. Ni na ce mata ta zo in kai ta ta huta.

Muna cikin haka na ji an ce, "Bayin Allah, lafiya? Daga ina?" Wata Hajiya ce 'yar Maraɗi, 'yar kasuwa, ta ce ta fi shekara goma tana bin hanyar nan. Ta ji muna Hausa ne ta matso. Ba ta ɓata lokaci ba, ta karɓi takardar ta duba, ta buɗe jakarta ta ƙirgo abin da ya rage mana, ta ba ni lambar asusun wani yaronta a Kano ta ce in na isa gida in tura masa Naira. Na ce, "Hajiya, ba ki san mu ba." Ta ce, "Ƙanwata, je ki biya kada su rufe." Ko lambar wayata sai da na matsa mata ta karɓa. Washegarin isarmu na tura kuɗin, amma har gobe ina jin nauyinta. Allah Ya saka mata da gidan Aljanna, Ya tsare mata dukiyarta.

A cikin jirgin kuma an raba mu, Yaya can gaba ni can baya kusa da banɗaki, wai zama tare ma sai an biya. Wani saurayi ne ya ga halin da take ciki ya musanya da ni. Ruwan sha na sayarwa ne. Bayan duk gudun nan, da maƙogwaro a bushe, sai da na lalubo ragowar Lira a ƙasan jaka na saya mata ƙaramar gora ɗaya ta sha magani.

Da na fara rubutun nan niyyata in ce tikitin ba laifi in mutum ya san kan abin, don gaskiya jiragen sun tashi a kan lokaci, kuma babu ma'aikacin da ya ɗaga mana murya. Amma yanzu da na sake lissafawa, raina ya sake ɓaci. Kuɗin bas zuwa filin da ba namu ba, tasi da kuɗin gada, akwati uku a farashin kanta, tsarabar da muka bari, sannan da muka sauka Abuja akwati biyu suka fito, na ukun sai bayan kwana huɗu, da taya ɗaya a karye, kuma sai da na biya direban mota ya kawo mini shi Kano. Duk rarar da aka yi mana romon baka da ita ta tafi, har na ɗora daga aljihuna. Ba zan tura kowa wurin ejan nan ba, kuma saƙon godiyar da na aika masa yana nan yana ci mini rai duk lokacin da na buɗe wayata. Na nemi ko rabin kuɗin kayan ya mayar, tunda da bakinsa ya ce suna ciki. Ya ce zai tuntuɓi kamfanin. Yau kwana goma sha tara.

Masu tambayata, in za ku yanki irin wannan, ku sa a nuna muku haruffan filin jirgi na kowane zango, da sunan kamfanin kowane zango, da kilon kayan kowane zango, a rubuce, ba a baki ba. Yaya dai har ta fara maganar komawa Eyüp, ta ce so take ta yi sallar asuba a can ko sau ɗaya, don ba mu samu yi ba. Na ce mata in Allah Ya kai mu baɗi za mu shiga adashi, mu hau na kai tsaye. Akwatin yana wurin mai gyara a Sabon Gari, ya ce in dawo Alhamis.