Damina ko hunturu: yaushe ya fi a fita kallon su shirwa a Maraɗi?

Ƙanena, ka ce kana son fara bin shirwa da shaho da danginsu, amma ba ka san lokacin da ya fi ba, damina ko hunturu. Ai ba tsuntsaye ɗaya ake gani a lokutan biyu ba.

Damina ta ƴan gida ce, wato tsuntsayen Afirka da ke biyo ruwa daga kudu. Da shamuwa ta sauka, ka fara ɗaga kai. Shirwa mai rawayan baki na ƙaruwa, kuma ranar da shinge ya fito daga suri bayan ruwan sama, za ka gan su suna cafke shi da ƙafa, suna kaiwa baki ba tare da sun sauka ba. Akwai wani mai jajayen fukafukai, macin fara, da ke tahowa arewa ya yi sheƙa da damina, rani na kamawa ya koma kudu bin wutar daji. Sama garau take, launin tsuntsu na fita sosai, kuma ba sai ka yi nisa ba, bakin Gulbi ko hanyar Jiratawa sun ishe ka. Matsalar dai gero ya yi tsawo ya rufe maka gani, ga caɓi, ga mai gona da ba ya son a taka masa shuka.

Hunturu kuwa na baƙi ne daga Turai, masu ƙetaro Bahar Rum da Sahara. Suna isowa daga Satumba zuwa Oktoba, su juya wajen Maris ko Afrilu. Wanda ya fi burge ni shi ne wani siriri mai dogayen fukafukai, namijin toka-toka da baƙi a bakin fiffike, macen ƙasa-ƙasa da fari a gindin wutsiya. Ba ya hawa sama can kamar mikiya. Ƙasa-ƙasa yake shawagi bisa karan gero, yana layi kamar mai jin barci, sai ka ga ya faɗa kan fara. Farar nan da muke soyawa da yaji ita ta kawo shi, kuma a ƙasa yake kwana cikin ciyawa, ba bisa itace ba. Masu bincike daga Holan sun ɗaura wa irinsa ƴar na'ura a baya, suka bi tafiyarsa ta tauraron ɗan'adam har Sahel. Shirwar Turai ma tana zuwa, wutsiyarta mai gwafa kamar ta shirwarmu, amma bakinta baƙi ne. Sai dai ka yi hattara, ƙaramar shirwarmu ma bakinta bai yi rawaya ba tukuna, ni ta sha ruɗa ni.

Abin da ke ɓata hunturu shi ne hazo. Ranar da buji ya taso, duk tsuntsu inuwa ne, ko da madubin hangen nesa. Ga shi sai ka fita fili sosai, kamar kewayen tabkin Madarunfa ko dajin Baban Rafi, kuma da hantsi, lokacin da ƙasa ta ɗumama manyan suka fara tashi.

Shaho ba ruwansa da wannan lissafi, yana nan shekara duka, matan gida masu ƴan tsaki su ne shaida. Ungulu ma ƴar zama ce, amma yanzu sai ka wuni a mahauta ba ka ga ko ɗaya ba. Tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da masu neman kanta don haɗa magani. In manyan danginta kake so, sai Gadabeji a yankin Dakwaro, gandun da aka keɓe tun 1955, kuma kada ka shiga ba tare da ma'aikatan gandun ba.

Ni da zan zaɓa maka, da damina za ka fara, don ka san na gida tukuna, in baƙo ya zo ka gane shi. Amma kada Oktoba ta wuce ka. An yanke gero, fili ya buɗe, fara ta cika gonaki, hazo bai sauko ba, na damina ba su gama tafiya ba ga na Turai sun iso. Ka riƙe ɗan littafi a aljihu, ka riƙa rubuta rana da wuri da launin baki.