Kayan koyon buɗe kwado: abin da na gani bayan wata biyu

Tun ina yaro a unguwar Gangare ta Jos nake son sanin abin da ke cikin kwado. Wata biyu ke nan da na yi odar kayan koyon buɗe shi ba da makulli ba. Cikin jakar akwai kwado mai jikin roba garau kamar gilashi, da siraran ƙarafa masu lanƙwasasshen baki, da ɗan ƙarfen murɗa zuciyar kwadon, wato ɓangaren da makulli ke shiga ya juya.

Kwadon nan kaɗai ya fanshe kuɗina. Kana kallo ƙuru-ƙuru, kowane rami da fil biyu, wato 'yan guntayen ƙarfe, ɗaya bisa ɗaya, sifirin yana danne su. Makulli in ya shiga sai ya ɗaga kowanne gwargwadon tsawonsa, har mahaɗarsu ta zo daidai da bakin zuciyar, sai ta juya. Tsarin da Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista a Amurka a 1861 da 1865 ne, kuma har yau shi ke cikin yawancin kwadunan da muke saye a kasuwar Taminus. Da kwadon robar hannuna ya koyi cewa murɗawar kaɗan ake yi. Ka matsa da ƙarfi, fil ya cije. Ka sassauta, ka ji ƙas a yatsanka.

Ƙarafan dai ba su da ƙwari, ɗaya ya lanƙwashe tun mako na biyu. Amma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne rashin takardar bayani ko guda. Da na kwance tsohon kwadon ƙofar ɗakina na zaro zuciyar, sifirin da fil suka watse kan tabarma. Na tsince su na mayar, makulli ya shiga sumul, amma juyawa ya ce atafau.

Wani dattijo mai yankan makulli a Taminus na kai wa. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya buɗe, ya jera fil ɗin da hantsaki. Ashe biyu na kifa su, alhali tsininsu ne ya kamata ya kalli makulli, kuma na uku da na huɗu na musanya musu rami. Ya zura makullin cikin zuciyar, yana jefa fil ɗaya-ɗaya yana shafawa da babban yatsa har duk suka kwanta daidai.

"Ɗana, kada ka ƙara zaro zuciya ba ka tura wani abu a bayanta ba," in ji shi, yana nuna mini guntun sanda mai kaurinta, wanda ke tare fil na sama.

Na ce, "Baba, in ɗiga masa mai?"

Ya ce a'a, ƙurar hunturun Jos za ta dunƙule a ciki, in kankare bakin fensir in shafa wa makullin.

Wanda ke son koyo a kan kwadonsa na kansa, ya sayi kayan, amma ya tanadi hantsaki da wannan sandar kafin ya kwance komai. Tawa daga muciyar da ta karye na fere ta.