Yadda Ake Jera Motoci Bisa Shan Mai Ba Tare da an Zalunci Wata Ba

Lambar shan mai da kamfani ke rubutawa a takardar mota a ɗakin gwaji aka samo ta. Saboda haka fara da tambayar wane gwaji aka yi. Turai ta daɗe tana amfani da wani gwaji mai suna NEDC, wanda ke nuna shan da bai kai na zahiri ba. Daga 2017 aka fara komawa WLTP mai tsauri. Amurka kuma tana da gwajin EPA. Motocin da aka auna da gwaji daban-daban ba sa shiga jeri ɗaya.

Ma'aunin ma yana ruɗar mutane. Galan na Amurka lita 3.785 ne, na Ingila 4.546, don haka mil 40 a galan ya danganta da galan na wa. Mayar da komai zuwa lita nawa ake sha a kilomita 100, domin shi ke nuna abin da ke fita daga aljihu. Motar da ke cin kilomita 12.5 a lita ta rage maka lita 2 a kowace kilomita 100 a kan mai cin 10. Mai cin 25 kuwa lita 1 kacal ta rage a kan mai cin 20, alhali a ido tazararta ta fi yawa.

Kada ka haɗa ƙaramar mota da mai kujeru bakwai. Dizal da fetur kuma kuɗin kowace kilomita ake dubawa, tunda litar dizal ta fi ƙarfi, farashinsu ma daban. Mota mai haɗin inji da batir a cunkoson gari take nuna gwanintarta, domin tana cajin batir idan an taka birki. Mai haɗin inji da batir da ake sa wa caji a soket kuwa, lambarta mai burgewa ta dogara ne kan ana cajin kullum. Idan ba a yi, nauyin batir kawai take ja.

Gwajin da ya fi aminci naka ne. Cika tanki har fanfo ya tsaya da kansa, rubuta lambar kilomita, yi zirga-zirgarka, sake cikawa a wannan fanfon. Lita 36 a kilomita 450 na nufin lita 8 a kowace 100. Maimaita sau uku, a hanya iri ɗaya ga kowace mota. Taya maras iska, na'urar sanyaya, kaya masu nauyi, da ƙara mai bayan fanfo ya tsaya duk suna ɓata lissafin.