Hattara da mai tallan ƙarfen bakin hannun babur a Facebook

Salamu alaikum 'yan uwa masu babur a Kano da kewaye. Kuɗin da aka cinye mini ba su taka kara sun karya ba, naira 11,000 ne, kuma da a nan abin ya tsaya da na bar wa Allah na yi shiru. Abin da ya sa na ɗauki waya nake rubutu shi ne, kayan da aka sayar mini saura ƙiris su aika ni lahira a gangaren gadar Ƙofar Nassarawa.

Kun san dunƙulen ƙarfen nan da ke toshe bakin hannun babur, ɗaya dama ɗaya hagu. Da yawanmu ado muka ɗauke shi, ni ma haka, har ranar da yashi ya kwashe ni a Sharaɗa na dama ya guntule. Ban damu ba sai da na je Wudil na dawo. Tafin hannuna ya mutu murus kamar na kwana a kansa, madubi kuwa rawa yake ta yi, ba ka bambance mota da adaidaita sahu a cikinsa. Baburan da muke hawa yawanci fistin ɗaya gare su, girgizar injin kuma bin bututun hannu take yi har ta iso yatsu. Nauyin ƙarfen nan ne yake danne ta. In babu nauyi, babu aikin da yake yi, komai ƙyallinsa.

Ina cikin cigiya sai ga talla a Facebook. Bidiyo ne mai kyau: an ɗora ƙarfen a sikeli ya nuna giram 250, an manna masa mayen ƙarfe ya kama, an buga shi a ƙasa ya yi ƙara. Wai orijina ne ɗan Japan, daga jikin baburan da aka shigo da su aka kwance. Na yi wa mai tallan magana ta WhatsApp, bakinsa kamar zuma, "Alhaji" sama "Alhaji" ƙasa. Na ce ina shagon in zo in gani. Ya ce yana Legas wajen sauke kaya, shagon a rufe, amma in tura rabin kuɗi yaronsa zai kawo mini har gida. Sunan da ya fito a asusun bankin ba shi ne na shafin ba. Na gani da idona, na tambaya, ya ce na ƙaninsa ne. A nan ya kamata in tsaya. Kwaɗayin "ɗan Japan" ya rufe mini ido.

Yaron bai zo ba sai da aka kira magariba. Kayan an naɗe su da salatif kamar layar da ake tsoron a buɗe, shi kuma sai sauri yake, wai akwai mutum uku da ke jiransa a Hotoro. Na tura cikon kuɗin, na shige masallaci. Yanzu na gane lokacin ma zaɓarsa aka yi.

Da safe na ɗaura da kaina, kuskure na biyu ke nan. Na ji bai kai nauyin tsohon ba, amma na ce ƙila haka sabon samfuri yake. Na dama ya ɗan matse robar totur, ban kawo komai a raina ba. Ina gangarowa daga gada na saki totur, babur ya ƙi sauka, sai ihu yake yana ƙara wuta, ga adaidaita sahu cike da mata a gabana. Allah ne ya ba ni sa'a na damƙe kulochi, na taka birki, na lallaɓa gefe na kashe makulli. Na fi minti goma a zaune a bakin titi gwiwoyina suna kaɗawa.

Na tura babur ɗin wurin bakanikena Baba, dattijo ne da yake gyara tun kafin a hana acaɓa a Kano a 2013. Ya juya abin a tafin hannunsa sau ɗaya ya ce, "Malam, wa ya sayar maka da wannan?" Ya ɗauko zarto ya raba shi biyu. Roba ce aka yi wa fenti mai ƙyalli, aka cika cikinta da siminti don ta ɗan yi nauyi a hannu. Muka ɗora ɗayan a sikelin mai kifin da ke kusa, giram 70. Ƙarfe ya ninka siminti nauyi fiye da sau uku, shi ya sa duk dabararsu ba sa iya kamo na gaskiya. Kusar da ta zo da shi ma taushi gare ta, wajen kwancewa ta karye a cikin bututun, sai da aka huda aka zaro guntun.

Ga inda damfarar ta fi muni. Da na tura wa mai tallan hoton, bai musa ba. Ya hau salati, wai yaron ne ya musanya kaya, zai mayar mini da kuɗina yanzu yanzu, in dai na turo lambar katina na ATM da lambobin da banki zai aiko mini ta saƙo. Ashe ƙarfen ƙugiya ce kawai, asusun ake hari. Mai mayar maka da kuɗi lambar asusu kaɗai yake buƙata. Da na faɗa masa haka sai ya toshe ni. Bayan kwana biyu na ga bidiyon nan dai, sikelin nan dai, a wani shafi mai sabon suna, an ƙara da madubai da fitilu. Ban kama suna a nan ba don sunan canzawa yake, salon ne ba ya canzawa.

Wanda zai saya, ya riƙe abin a hannunsa kafin kobo ya fita. Ku tafi da tsohon in yana nan ku gwada nauyi. Mayen ƙarfe yana taimakawa, sai dai tagulla ba ta kama shi, amma ita nauyinta kaɗai ya isa shaida. Baba ya kuma nuna mini abin da ban sani ba: yawancin hannuwan baburanmu kaurinsu milimita 22 ne ta waje, amma faɗin ramin ciki ya bambanta. Wani hannun akwai mazaunin kusa a cikinsa, wani kuma roba ce ke kumbura ta kama in an ɗaure. Duk mai ce muku nasa yana shiga kowane babur, ku ƙara masa ido. A canza biyun tare don nauyi ya daidaita. Bayan an ɗaura na dama, a bar 'yar tazara tsakaninsa da robar totur, sannan tun inji yana kashe a murɗa a saki, a karkata kai dama a gwada, a karkata hagu a gwada. In bai koma da kansa nan take ba, kada a tayar.

Na kai ƙorafi banki da hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗi, na kuma sanar da 'yan sanda. Wanda irin haka ta same shi kada ya goge hirar don haushi, ita za a nema.

Daga baya Baba ya samo mini tsofaffi guda biyu, duk sun kurje, naira 4,500. Jiya na je Bichi na dawo, hannuna lafiya ƙalau. Na simintin yana rataye a rumfarsa da waya, yana nuna wa duk wanda ya zo da tallan a wayarsa.