Gargaɗi ga 'yan badujala: ku yi hattara da masu cewa za su shafa wa silaid ɗin turombon sabon sinadari

Naira dubu 85 na tura wa wani mutum da ya ce zai shafa wa silaid ɗin turombon ɗina sabon sinadari. Dubu 85. Kuma da hannuna na naɗe silaid ɗin, wato sashen turombon da ake turawa ana jawowa don sauya sauti, a tsumma na kai tasha na ba direba.

Shekarata 14 ina busa turombon, don haka kada wani ya ce min ban san kayana ba. Silaid bututun ciki ne da na waje. Bututun ciki kurom ne a jikinsa, wato ruwan ƙarfe mai sheƙi, kuma can ƙarshe, inda ya ɗan fi kauri, nan yake gugar bututun waje. A nan nawa ya fara zaizayewa. Ko na shafa Trombotine, wato man shafawar silaid, na fesa ruwa, sai ya riƙa cijewa tsakanin matsayi na uku da na huɗu, cikin wuraren da ake tsayar da silaid in ana busa.

A WhatsApp na gamu da mutumin. Ya turo bidiyo, silaid yana zamewa shi kaɗai ba a taɓa shi ba. Ya ce Teflon yake sakawa, irin na kaskon da abinci ba ya kamawa, wai daga nan na rabu da man shafawa har abada. Da farko ban yarda ba, wallahi ban yarda ba. Sai ya ce, "Yallaɓai, faɗin bututunka .500 ne ko .547?" Waɗannan ma'aunin faɗin bututun turombon ne a inci. Wannan tambayar ce ta kashe min jiki. Har yanzu ina jin muryarsa yana yin ta. Wane ɗan damfara ne zai san wannan? Ku faɗa min, wa zai ji haka bai saki jiki ba?

Kwana tara da dawowar silaid ɗin abin da ya shafa ya fara ɓarewa, baƙin gari-gari yana fitowa a tsumma. Af, kafin nan ma, dubu 60 muka yi da shi. Sai da kayana suka shiga hannunsa ya ce sinadari ya ƙara kuɗi, in cika dubu 25. Na cika. Sati uku ya ce, ya yi bakwai.

Na kai wa mai gyaranmu, ya duba ya girgiza kai. Ya ce an goge sauran kurom ɗin da samfefa, an fesa fentin gwangwani, kuma bututu ɗaya ya lanƙwashe. Sai dai a sayi sabbin bututun ciki. Kunya ta hana ni faɗa masa nawa na biya. Dubu 85, ga kaya ya lalace.

Na kira, ya toshe ni. Rasit ɗin banki, saƙonnin murya da hoton silaid ɗin duk suna wayata, zan ɗora su da daddare.

Kada ku tura wa kowa silaid ɗinku in ba ku riƙe aikinsa a hannu kun gwada ba. Ranar Asabar muna da fareti, da turombon ɗin aro zan fita.