Sharhi: fitilun da ke kunna kansu ta hanyar Zigbee

Kayan da aka gwada su ne akwatin haɗi ɗaya (shi ke ba sauran kayan umarni), ƙwan fitila huɗu da na'urorin jin motsi biyu masu batir CR2450, duka suna magana da juna ta Zigbee, wata hanyar sadarwa ta iska tsakanin kayan gida. In saiti ya zauna daidai, mantawa ake yi da su: ka shiga wuta ta kawo, ka fita ta ɗauke, ba ka taɓa waya ba. Irin abin da masanin kwamfuta Mark Weiser ya hango ke nan a 1991, kwamfutar da za ta saje da kayan gida har a daina lura da ita.

Sai dai kafin a kai nan da sauran aiki. Zigbee da Wi-Fi duk a zangon 2.4 GHz suke, suna yi wa juna katsalandan. Tun kafin a haɗa ko ƙwai ɗaya, a sa Zigbee a tasha ta 15, 20 ko 25, a nisanta akwatin da rauta, wato na'urar Wi-Fi, kamar mita ɗaya. Sauya tasha daga baya kan jawo sake haɗa wasu kayan daga farko.

Babban rauninsu na'urar jin motsin ce. Motsin ɗumin jiki take gani, ba ta san da zaman mutum ba. Wanda ya natsu yana karatu, sai ya tsinci kansa cikin duhu yana kaɗa hannu sama. A baranda da ɗakin ajiya ba ta da laifi, muddin an kafa ta kusan mita biyu daga ƙasa, inda za a gifta ta gabanta, ba ta kallon taga. A falo kuwa, ko dai a ja lokacin kashewa zuwa minti 10, ko a sayi mai rada ta 24 GHz wadda ke jin har numfashi. Ita ma tana da halinta: galibi batir ba ya riƙe ta, sai wayar USB, kuma fanka ko labule na kaɗawa kan ruɗe ta.

Sai makunnin bango. Da an kashe shi, ƙwan ya fita daga layin Zigbee, kuma da yake shi ke miƙa saƙo ga na'urori masu batir, na nesa ma sai su yi shiru. A rufe makunnin, a manna mai batir a gefensa.

Sun cancanci saye, amma a zaɓi akwatin da ke riƙe umarni a cikinsa. Wanda ya dogara da intanet, ranar da layi ya yanke fitila ba za ta kawo da kanta ba.