UFC Fight Pass: rumbun tsofaffin faɗan da ke raba gardamar ɗan dambe da ɗan kokawa

Wa zai yi galaba in aka haɗa ɗan dambe da ɗan kokawa a fili ɗaya, ba safar hannu, ba turmi, ba mai shiga tsakani? Wannan gardama ta daɗe a majalisun masu son wasan ƙarfi, kuma yawanci da baki ake yin ta. Amma an gwada abin a zahiri a Amurka tun daga 1993, an ɗauki bidiyonsa, kuma inda aka tara shi a jere, gasa bayan gasa, shi ne UFC Fight Pass, manhajar kallo ta intanet da UFC, kamfanin Amurka mai shirya faɗan da ya haɗa dambe da kokawa, ya buɗe a ƙarshen 2013. Ga mai son fahimtar yadda salon faɗa daban-daban ke kasancewa in sun yi arangama, kuɗin wata guda a wannan manhaja bai faɗi ƙasa banza ba. Sharaɗin kawai shi ne ya kalli abin daga tushe, kada ya riƙa tsallake-tsallake.

Da farko a san abin da ake saya. Biyan wata-wata ne, an kuma daɗe ana sayar da shi a kan dala 9.99, ko da yake farashi kan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A ciki akwai tsofaffin gasannin UFC tun daga ta ɗaya, da na kamfanin Pride na Japan wanda masu UFC suka saye a 2007, da na wasu kamfanonin faɗa biyu, WEC da Strikeforce. Manyan wasannin da ake yi yanzu kai tsaye ba lallai ne a same su ba, domin a ƙasashe da yawa an sayar wa gidajen talabijin izinin nuna su. Wanda sabon faɗa na daren Asabar ya kawo shi zai iya jin haushi. Darajar wannan manhaja tana cikin tsohon kaya.

Gasar farko an yi ta ranar 12 ga Nuwamban 1993 a birnin Denver. Mutum takwas, kowa da salonsa, wanda ya ci uku a dare ɗaya ya tafi da dala 50,000. A cikin keji mai raga ake yi, an kuma tallata ta da cewa "ba doka". Ba rabon nauyi, ba alƙalan ba da maki. An hana cizo da ƙwaƙule ido. Faɗan farko ya haɗa Teila Tuli, ɗan sumo, wato kokawar ƙattin Japan, mai nauyin da ya haura kilo 180, da Gerard Gordeau, dogon Baturen Holand mai faɗa da hannu da ƙafa. Tuli ya taho a guje, Gordeau ya ja baya, ƙaton ya zube a jikin raga, sai shuri a baki, haƙori ya yi tsalle. Daƙiƙa 26 aka yi. Abin da mai kallo ya kamata ya lura da shi ya zo bayan shurin: Gordeau ya bi shi da naushi a kai, kuma a nan ya karya hannunsa. Wannan zai maimaitu a gasa ta uku, inda Keith Hackney ya kayar da Emmanuel Yarbrough, wani ɗan sumo da ya fi Tuli nauyi nesa ba kusa ba, ya yi ta jibgarsa har hannunsa ya lalace ya kasa ci gaba da gasar. Dalilin a fili yake. Ƙasusuwan bayan hannu sirara ne, musamman na ƙaramin yatsa da mai bi masa, ƙashin goshi da na tsakar ka kuwa masu kauri ne. Naɗi da safar hannu mai naushi suke karewa fiye da wanda ake nausa. In aka cire su, mai naushi ya rasa rabin jarinsa.

Faɗan da ya fi koyarwa a wannan dare shi ne wanda ba a zubar da jini ko ɗigo ba. Art Jimmerson ƙwararren ɗan boksin ne da ya ci wasanni kusan talatin, ya shigo da safa a hannun hagu kaɗai, kamar ɗan damben gargajiya mai zare a hannu ɗaya. Abokin karawarsa Royce Gracie ne, ɗan Burazil mai kilo 80 ko kusa da haka, sanye da farar rigar jujitsu, salon da ya dogara da shaƙa da murɗe gaɓa a ƙasa. Royce ya riƙa kai ɗan shuri wajen gwiwa don ya hana shi matsowa daidai tazarar naushi, sannan ya sunkuya ya kwashe ƙafafunsa biyu, ya hau ruwan cikinsa. Jimmerson ya sallama bayan minti biyu da 'yan daƙiƙu, ba a shaƙe shi ba, ba a murɗe masa komai ba. Ya dai ga ba shi da hanyar tashi. Ƙarfin naushi daga ƙafa yake tasowa ya bi ta ƙugu, kuma wanda ke kwance rigingine da mutum zaune a cikinsa ba shi da ƙafa, ba shi da ƙugu. Royce ya shaƙe Ken Shamrock cikin daƙiƙa 57, ya shaƙe Gordeau ta baya a wasan ƙarshe kafin a cika minti biyu. Irin wannan shaƙa ba maƙogwaro take nema ba. Jijiyoyin jini biyu na gefen wuya take matsewa, kuma in ta zauna daidai mutum kan suma cikin daƙiƙa goma ko ƙasa da haka. Shi ya sa ba abin gwadawa a kan aboki ba ne bayan an gama kallo.

Sai dai mai kallo ya riƙe wani abu a ransa wanda masu sharhin daren ba za su gaya masa ba. Rorion Gracie, yayan Royce, yana cikin waɗanda suka shirya gasar, kuma a mutum takwas ɗin babu gwanin kokawa ko judo na matakin duniya ko ɗaya. Manyan 'yan boksin na lokacin miliyoyi suke ci, ba za su sa hannunsu a haɗari kan dala 50,000 ba. Don haka gasar farko ba ta tabbatar da cewa jujitsu ya fi kowane salo ba. Abin da ta tabbatar shi ne wanda bai san faɗan ƙasa ba, in ya gamu da wanda ya sani kuma ba mai rabawa, ya shiga uku.

Amfanin rumbun a nan yake fitowa, domin yana ba ka damar bin yadda amsar ta riƙa sauyawa cikin shekara huɗu. A gasa ta huɗu, Disamban 1994, Dan Severn ya shigo, ɗan kokawar jami'o'in Amurka da ya fi Royce nauyi da sama da kilo 30. Ya kayar da shi cikin sauƙi, ya danne shi fiye da minti goma sha biyar, amma bai san abin da zai yi da shi ba bayan dannewar. A wasansa na asali, da zarar kafaɗu sun taɓa ƙasa an gama. Royce daga ƙasa ya zura ƙafa ɗaya ta bayan wuyansa, ya kulle ta da ɗayar, ya haɗa wuyan da hannu guda a tsakanin cinyoyinsa, Severn ya sallama. Wannan faɗa ya kamata kowane mai son kokawar gargajiya ya kalla sau biyu. A fagen kokawa irin na gasar takobi ta Nijar, gwiwa ko baya ya taɓa ƙasa wasa ya ƙare, ganga ta ɗauka. A dambe ma da an kai mutum ƙasa an yi kisa, in kuma aka rungumi juna sai a raba. Duka biyun suna tsayawa ne daidai inda wannan faɗa yake farawa.

Shekara biyu ba ta cika ba 'yan kokawa suka gano gyaran. Mark Coleman, wanda ya wakilci Amurka a gasar Olamfik ta 1992, ya zo a Yulin 1996 da tsari mai sauƙi: kayarwa, matse mutum a jikin raga don kada ya samu sararin motsa ƙugu, sannan naushi da karo da kai daga sama. Karo da kai shi ne makamin da ya fi dacewa da shi, domin hannayensa biyu suna riƙe da abokin faɗa, kai kuma ba ya karyewa kamar yatsu. Ba wanda ya tsaya masa har sai Yulin 1997, lokacin da ya gamu da Maurice Smith, zakaran damben hannu da ƙafa. Smith ya yi abin da Jimmerson bai yi ba, ya je ya koyi kwanciya. Da aka kayar da shi sai ya naɗe ƙafafunsa a ƙugun Coleman, ya riƙe masa kai da hannaye, ya riƙa sa masa gwiwar hannu daga ƙasa, ya bar shi yana ƙona ƙarfinsa. Da suka miƙe tsaye Coleman na haki, hannayensa a kan gwiwoyi, Smith ya yi ta sarar cinyarsa da ƙwauri har aka cika minti 21, alƙalai suka ba shi. A ganina wannan ne faɗan da ya fi kowanne daraja a cikin rumbun gaba ɗaya, duk da cewa ba shi da suna kamar na Royce. Tun kafin shi, a Satumban 1995, Marco Ruas ya nuna aikin saran cinya a kan ƙaton Paul Varelans: wuri ɗaya yake nema, gefen cinya ta waje sama da gwiwa kaɗan, har ƙafar ta ƙi ɗaukar mai ita bayan minti goma sha uku.

Numfashi kuwa shi ne abin da ya kayar da mutane fiye da kowane salo. Denver tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600, iskarta ba ta ƙosarwa. Kevin Rosier da Zane Frazier sun fara da zafi a gasar farko, kafin minti huɗu dukansu sun zama abin tausayi. Royce kansa ya ci Kimo Leopoldo a gasa ta uku amma ya fita a galabaice har ya kasa yin wasa na gaba.

Ɓangaren Pride ya cancanci lokacinsa. A can dandalin igiya ake amfani da shi maimakon keji, turmin farko minti goma ne, kuma daga 2001 an yarda a shuri kan wanda ke ƙasa ko a tattake shi, amma an hana gwiwar hannu a fuska. Wannan ɗan bambanci ya sauya komai. Ɗan kokawar da ya sunkuyo ya kuskure ƙafa, gwiwa ce ke jiran kansa, kuma mutane irin su Wanderlei Silva da wannan suka yi suna. A nan ne kuma za a ga Kazushi Sakuraba da Royce a Tokyo ranar 1 ga Mayun 2000, a kan doka ta musamman, turmi shida na minti goma sha biyar-biyar, minti 90 cif, har Rorion ya jefa tawul saboda ƙafar ƙanensa ta gama shan sara. Wanda ya haɗa UFC ta farko da Pride zai gane cewa kalmar "ba doka" talla ce. Kowane fage da dokarsa, kuma dokar ce ke zaɓar salon da zai haskaka. UFC ma ta kawo rabon nauyi a Fabrairun 1997, ta wajabta safar hannu a Yulin shekarar, ta hana karo da kai jim kaɗan bayan haka, a lokacin da Sanata John McCain na Amurka ya sa ta a gaba yana neman a haramta wasan.

Akwai inda manhajar ta gaza. Sharhin da Turanci ne, kuma masu sharhin gasar farko ba su fahimci faɗan ƙasa ba, sau da yawa sai an sallama suke tambayar abin da ya faru. Ba wani darasi da aka jera wa sabon mai kallo da zai ce masa fara nan ka bi nan, sai ya nemi gasannin da lambarsu da kansa. Hoton shekarun 1990 dishi-dishi ne, don haka kallonsa a babban inganci asarar data ce kawai. In na'urarka ta ba da dama ka sauke shi zuwa 480p, awa guda ba za ta kai gig ɗaya ba, alhali a 720p takan haura. Biyan kuɗin da dala ne, katin naira kuma ba kowane lokaci yake wucewa a shafukan waje ba, gara a tanadi katin dala. Rajistar tana sabunta kanta duk wata, wanda wata ɗaya yake so ya kashe sabuntawar tun ranar da ya biya. Akwai jini da raunuka a fili, ba kallon yara ba ne. Wasu daga cikin waɗannan faɗan suna YouTube kyauta, amma a warwatse, kuma galibi an yanke abin da ya gabace su, wanda shi ne ke nuna gajiyar da mutum ya shigo da ita wasa na biyu da na uku.

Kada kuma a ɗauki abin da aka gani a matsayin hoton faɗan titi. Daɓen keji mai taushi ne, mutum ɗaya ne da ɗaya, ba wuƙa, ba ɗan'uwan wani da zai zo ta baya. Kwanciya rigingine minti goma sha biyar dabara ce a gaban Severn, a kan kwalta kuwa ganganci ce.

Mai wata guda a hannu ya bi wannan jeri: gasa ta 1 zuwa ta 4 gaba ɗayansu, wasan ƙarshe na ta 7 (Ruas da Varelans), ta 10 (zuwan Coleman), ta 14 (Coleman da Smith), sannan Sakuraba da Royce. Daga nan ya tsallaka zuwa UFC 118 ta Agustan 2010, inda James Toney, zakaran boksin na duniya a ajin nauyi uku, ya gamu da ɗan kokawa Randy Couture mai shekara 47. Couture bai tsaya musayar naushi ko ɗaya ba. Ya nutse ƙasa sosai ya kamo idon sawu, inda naushin Toney ba ya kaiwa, ya hau ruwan cikinsa, ya haɗa wuyansa da kafaɗarsa ya matse, aka tashi a minti uku da daƙiƙa 19 na turmin farko. Wasannin su Kamaru Usman da Israel Adesanya suna nan su ma, amma su ba gwajin salo ba ne, domin kowannensu ya koyi kayarwa da hana kayarwa da naushi da shaƙa kafin ya taka kejin. Ɗan dambe ko ɗan kokawar da ke tunanin shiga wannan sana'a, abu biyu zai fara nema a waɗannan bidiyo: yadda ake cilla ƙafafu baya a danna ƙugu in an sunkuyo maka, da yadda ake miƙewa daga ƙasa ba tare da ba wa mutum baya ba.